Na Bi Jujin Gidanmu Har Damari

Shekaru sun shuɗe da tafiyar nan, amma har yau ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya kawo ɗinki rumfata a kasuwar Kankara, kafin ya faɗi tsawon hannun rigarsa sai ya ce, "Isiyaku, wai da gaske ne ka bi shara har Damari?" Wasu sani suke nema, yawanci kuwa abin dariya suke so. To ga shi na rubuta gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, in bai iya ba ya nemi mai karanta masa.

Abin ya faru ne lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, kan kowa ya ɗau zafi. Wanda jiya yake bin jaki yau ya zama ɗan kwangila, kuma in ka gaishe shi sai ya amsa ta hanci. Mahaifina, Baba, bai shiga wannan hauka ba. Gona guda gare shi a bakin hanyar Mabai, ita ma ta aro ce, mahaifin Alhaji Mamman ya ba shi tun ba a haife ni ba. Al'adarmu kuwa sananniya ce: wanda ya zuba takin gida a gonar aro, ba a karɓe ta sai ya ci takinsa damina uku. Takin zamani na buhu ba ya cikin wannan lissafi, don ƙarfinsa damina guda ne. Saboda haka Baba yana da juji a bayan katangar gidanmu, yana tara shi da sharar turken awaki da toka da ƙaiƙayi da kashin kaji, yana zuba masa ruwan wanke-wanke, yana juya shi. Duk bayan damina uku sai ya kwashe shi da jakai ya kai gona, aro ya sabunta ke nan. Wannan bazarar ita ce ta kwasa.

Alhaji Mamman kuwa yana son gonar ya gina gidan mai, kuma shi aka ba kwangilar kwashe sharar gari. Ran nan muna masallacin Juma'a, jar tifarsa ta zo da leburori suka kwashe jujin Baba tas, har da share wurin. Ga bola nan a bakin tasha, gwangwani da kwalabe har tsawon mutum, ba su gan ta ba, sai tamu. Da muka dawo Baba ya tsaya a kan filin yana kallon ƙasa. Bai zagi kowa ba, amma a ranar bai taɓa tuwo ba.

Na zaga neman takin saye. Maƙwabtan da ke da juji an kwashe nasu su ma, suna ta godiya wai an tsabtace musu unguwa. Masu sauran ɗan abin suna tsoron Alhaji. Fulani ba su dawo daga kudu ba balle a samu takin shanu, hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas. In ruwan shuka ya sauka gona ba taki, ta tafi ke nan. Na ce wa Baba zan bi tifar. Ya ce, "Kai tela, mi ka sani ga juji?" Amma bai hana ni ba.

A tasha aka gaya mini tifar can wajen Faskari take juye shara, a ramin da masu titi suka haƙa, sannan ta ɗebo marmara ta dawo. Ku ji fa, a ɗauki shara a Kankara a kai ta Faskari, don mai ya fi ruwan rijiya araha. Na shiga kiya-kiya, aka matse ni kusa da wani ma'aikaci mai wando mai faɗin baki da takalmi mai tudu, rungume da rediyo kamar jariri. Da ya ji abin da ya fito da ni, ya yi dariya har ya rage muryar rediyon don kowa ya ji.

"Malam, ai an wuce wanga zamani. Ƙasashen da suka ci gaba binne shara suke. Buhun takin zamani guda ya hi jaki goma. Ƙazanta ce kawai ta mutanenmu."

Na dube shi, na ga ƙafarsa duk faso, alamar ba a daɗe da raba shi da fartanya ba. Can gaba motar ta mutu a yashi, aka ce kowa ya sauka a tura. Tudun takalminsa guda ya cire ya zauna a cikin yashin, ya ƙarasa tafiyar yana ɗingishi, ƙafa ɗaya ta ci gaba ɗaya tana baya. Ban taya shi nema ba.

Ramin Faskari na gan shi da idona, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ƙaton kududdufi ne, an cika rabinsa. Baƙin taki mai kyau na gidajen mutane, wanda zai rayar da gonakin unguwa guda, an cakuɗa shi da gwangwanin madara da fasassun kwalabe da tsofaffin tayoyi, an kuma cinna masa wuta, yana ta hayaƙi mai ɗaci. A gefen ramin ga gonaki nan farare fat, ƙasarsu ta gaji kamar tsohon zane. Masu gonakin suna can gari sun yi layi suna jiran motar takin zamani da aka ce tana tafe.

Akwai wani tsoho mai gadi a ƙarƙashin bishiya. Gadin me yake yi, oho, wataƙila kada a sace hayaƙin. Na gaishe shi na tambaye shi jar tifa.

"Ta Ɗanladi? Ai shi in ya ɗauko gwangwani nan shike zubarwa. In kau ya samu baƙar ƙasa mai nauyi, ko tsayawa ba ya yi, kudu shike wucewa, wajen Sabuwa. Da itace shike dawowa."

Nan na gane direban Alhaji ya fi Alhaji wayo. Ana biyan uban gidansa ya zubar da taki, shi kuma yana sayar da shi.

Na kwana a Faskari a zauren wani mai masauki kusa da tasha. A gidanmu baƙo tuwo ake kawo masa, ko da na jiya ne. Nan kuwa aka kawo mini farar shinkafar waje da cinyar kaza mai sanyi har cikin ƙashi, wadda ta mutu a wata ƙasa, ba a san wanda ya yanka ta ba. Mai masaukin yana tsaye a kaina yana jira in yaba. Na ci shinkafar na bar masa kazarsa. Kuɗin cizon zauren dai na gargajiya ne, ba a sauya su ba.

Daga Faskari zuwa Sabuwa akori-kura na hau, a baya, tsakanin buhunan gishiri da wata tsohuwa mai kaji. Hanyar ba hanya ba ce, sawun motocin da suka riga mu ne cikin daji. Duk ramin da muka faɗa sai tsohuwar ta riƙe wuyan rigata ta kira sunan Allah, kafin mu isa ta yage mini aljihu, ni da nake tela. A Sabuwa ban sha wahalar tambaya ba. Mai furar da na tsaya wurinta ta ce kowa ya san jar tifa, ai ƙudajenta ma an san su. Ta nuna mini hanyar Damari, ta ce in na wuce garin in nemi gidan Nomau.

Gidan Nomau na Maguzawa ne, babban gida mai sassa da yawa a tsakiyar gonaki. Mu a gari mun saba raina su, in an ambace su sai a taɓe baki. To ni dai na ga rumbuna a gidan nan da ban taɓa ganin irinsu a Kankara ba, kuma a ƙarshen bazara ba a taɓa rabinsu ba. Tun daga nesa na hango abin da na zo nema, tuli guda baƙi a bakin wata gona. Na gane shi kamar yadda mutum ke gane akuyarsa a kasuwa.

Nomau dattijo ne mai fara'a, ya ba ni ruwa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi ba ruwansa, takin na uwargidansa Kande ne, ita ta saya don gayaunarta, wato gonarta ta kanta, ta biya da itace da ɗan akuya. A wurinsu mace tana da gonarta da rumbunta, miji ba ya sa hannu. Aka kira ta. Ta fito da fartanya a kafaɗa, ta dube ni daga hula har takalmi, ta tsaya a kan hannuwana.

"Kai ne mai jujin?"

"Na mahaihina ne, Inna."

"To mi ya sa kuka bari aka kwashe? Ku mutanen gari ku ba da kuɗi a ɗauke maku abinci a kai rami, sannan ku biyo shi da kuka. Aradu ban taɓa ganin wauta irin taku ba."

Gaskiya ta faɗa. Na gaya mata zancen aro da damina uku. Nan fuskarta ta sauya kaɗan, don su ma al'adar ke nan a wurinsu. Ta tambaye ni shekarun Baba, ta tambaye ni ko shi ke juya jujin da hannunsa. Na ce shi ne. Ta ce ta gani, wanda ya tara shi ya san abin da yake yi.

"Rabi na riga na zuba ramina, wanga ya tahi. Rabin da ya rage ka ɗauka. Amma ba kyauta ba, ɗan akuyana ba zai tahi banza ba. Ka juya mani ramina kahin direban ya dawo."

Ramin nata yana bayan gida, faɗinsa ya kai ɗaki. Mu tulawa muke a sarari, su a rami suke yi, hawa-hawa: kara da ganye a ƙasa, kashin dabbobi a kai, toka, sannan tsakin da ya rage in sun dafa giya, a yayyafa ruwa a rufe da ƙasa. Babu abin da ke fita gidan nan da sunan shara, ko ɓawon gyaɗa. Aikina shi ne in kwashe na wannan gefe in mayar wancan, na ƙasa ya koma sama. Na tuɓe riga na shiga. Cikinsa zafi kamar tukunyar tuwo, tururi yana tashi, ga wasu fararen tsutsotsi masu kauri kamar babban yatsa. Da na farko ya hau mini ƙafa na yi tsalle na faɗi zaune a ciki. Matan gidan suka bar daka suka zo kallo. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, hannun da bai san komai ba sai almakashi.

Amma an ciyar da ni. Tuwon dawa mai tauri da miyar kuka da ta ji daddawa, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Nomau ya miƙo mini ƙwaryar giya don ladabi, na ce na gode, bai ji haushi ba, ya sa aka dama mini kunu. Ya kuma sa aka share mini wuri mai tsabta a gindin tsamiya don salla, ba tare da na roƙa ba. Na yi kwanaki a gidan nan ina juya rami, ina duban gabas, hadari kullum yana ƙara duhu.

Da jar tifa ta zo ɗaukar itace, Ɗanladi ya gan ni ya gane ni, don ni ke ɗinka masa kayan salla. Ya fara rantse-rantse, wai shi umarni aka ba shi, an ce ya fara da gidanmu. Na ce ban zo faɗa ba. Sharaɗina shi ne ya mayar mini da takin nan gonar Baba, ni kuma ba zan gaya wa Alhaji inda tifarsa take kwana ba. Ya yi lissafinsa, sannan ya ce a loda. Kande ta tsaya a kanmu har aka kwashe, daga ƙarshe ta sa aka ƙara kwanduna daga ramin da na juya. Na buɗe baki zan yi godiya ta katse ni.

"Ba don kai ba, don tsohon. Kai ko rabin ramin ba ka juya daidai ba."

A hanyar dawowa akwai shingen malaman daji, can kusa da iyakar ƙasar Katsina da ta Birnin Gwari. Sun saba tsayar da Ɗanladi da itace, an san yadda ake rabuwa. Yau suka leƙa suka ga taki, abin ya ɗaure musu kai. Babbansu ya ce ba mai hankalin da zai ɗauko shara daga daji ya kai gari, lalle akwai abin da aka ɓoye a ƙasa. Ya hau da kakinsa mai guga, ya yi ta soka sanda, ya nutse har gwiwa. Bai samu komai ba sai tsutsar Kande. Ya sauko yana karkaɗe wando, ya tambayi na ƙasa da shi ko akwai harajin juji. Aka duba aka ce babu. Ya ce mu tafi, kuma kada mu sake.

Da hantsi muka isa gonar Baba, Ɗanladi ya ɗaga bayan tifa ya juye. Kafin ƙurar ta kwanta labari ya kai gari. Baba ya zo da sandarsa, mai unguwa ya zo da dattawa, sai ga farar Fijo ta Alhaji Mamman. Ya fito da babbar riga ta farar shadda, sai ƙamshin turare yake. Ɗanladi ya ce masa a hanya na tare shi na roƙe shi, ni kuma ban ƙaryata ba. Alhaji bai ma damu da wannan ba, don ya ga wata ƙofa.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa mai unguwa, "tifa tawa ce, kwangilar shara tawa ce. Duk abin da ya hau motar nan nawa ne. Ke nan ni na zuba taki ga gonar ubana. Baba ya yi haƙuri, aro ya ƙare."

Na ga duk wahalata ta zama na yi wa Alhaji dako. Dattawa suka dubi juna, don maganar tana da kama da gaskiya. Mai unguwa ya shafa gemu ya dubi Alhaji.

"To Alhaji, ba gardama. Ka san yadda ake yi tun zamanin mahaihinka. Mai taki shi ke hwara watsa shi da hannunshi, shaidu su gani. Bismilla."

Alhaji ya dubi tulin. Baƙi ne, yana tururi, ga kashin awaki, ga tsutsa tana motsi a samansa. Ya dubi hannun rigarsa. Ya matsa taku guda, ƙudaje suka tashi, ya ja da baya ya toshe hanci da hankici. Wannan mutum fa tare muka yi kiwon awaki muna yara, da hannu yake kwashe turken gidansu. Ya juya ya ce, "Ɗanladi, ɗebo ka watsa."

Mai unguwa ya ce, "In ya watsa, gona ta Ɗanladi ce damina uku."

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, saboda Alhaji ne, amma na ga kafaɗun dattawa suna rawa. Baba bai jira an kira shi ba. Ya jingina sandarsa, ya durƙusa, ya zura hannu biyu cikin tulin har gwiwar hannu. Da ya ɗago sai ya tsaya, don wani abu ya biyo takin. Guntun kasko ne, baƙi, mai zanen yatsa a bakinsa. Na gane shi, bakin tukunyar miyar mahaifiyata ce, wadda ta fashe a shekarar da ta rasu. Baba ya goge shi da babban yatsa ya sa a aljihu, sannan ya watsa takin gabas, ya sake ɗiba ya watsa yamma. Ni dai na juya baya, don ban so a ga idona.

Alhaji ya shiga motarsa ba sallama. Ruwan shuka ya sauka a makon, kuma a daren da muka gama watsa taki Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Damina biyu Baba ya ci a gonar, dawa ta yi har ana zuwa kallo. Ta ukun ni na noma ta, shi yana kabari, guntun kaskon kuma yana cikin akwatin keken ɗinkina. Juji ba ya taruwa a hannun tela yadda yake taruwa a hannun Baba, ga tifa kullum tana zagaye, don haka da wa'adi ya cika Alhaji ya karɓi gonarsa ya malala mata siminti. Gidan man yana nan, kun san shi, wanda rabin shekara ba mai a cikinsa. In kun bi ta wurin da damina ku leƙa bayan katanga, inda simintin bai kai ba. Dawa ce ke fitowa da kanta, ba mai shuka ta, har ta fi katangar tsawo ta rufe allon sunansa. Duk shekara Alhaji sai ya biya lebura ya sare ta, a loda a jar tifa a kai ramin Faskari.